Maƙoƙon Lidiya da Likitocin Wata Uku

A wani ƙauye na yankin Tabanni aka haifi Lidiya, gidansu ne na ƙarshe kafin mutum ya shiga dajin Kamuku. 'Yar Gbagyi ce, ta tashi tana ɗaukar kaya a kafaɗa kamar yadda uwarta ke yi, tana bin mata cikin daji tsintar kaɗanya da damina, saran itace da rani. Karatunta bai wuce ajin coci ba, inda ta koyi haɗa baƙi daidai yadda za ta bi littafin waƙoƙi da yatsa. Ba ta da tsawo, ba ta da wani kyau da za a tsaya kallo. Abin da Allah ya ba ta murya ce, kuma bai auna mata ba, zuba mata ya yi.

Da ta auri Andrawus, wani manomin doya marar yawan magana, suka dawo gefen Birnin Gwari ta wajen Magajin Gari, inda ya sami gona kusa da rafi. Ta haifi shida, Allah ya karɓi biyu. Babban ɗanta shi ne Enoch, shi ya sa ake kiranta Uwar Enoch. Ba a daɗe ba ta zama mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinsu. Ita ke ɗaukowa, sauran su amsa, ana kaɗa tulu da caki. Ran bikin godiyar kaka, har matan Musulmi da ke ɗiban ruwa a rijiyar bayan coci sukan saki guga su tsaya. Maƙwabciyarta Huraira mai daddawa, wadda bakinta ba ya hutawa, takan ce mata, "Ke dai Lidiya, addininku ban sani ba, amma maƙogwaronki na yarda da shi."

Shekarar da aka canza hannun tuƙin mota a ƙasar nan, bayan ta yaye autarta, wani ɗan kumburi ya fito mata a gaban wuya, bai fi ƙwan zabuwa ba. Maƙoƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, kowace kasuwa ka shiga sai ka ga mace biyu ko uku da shi, don haka ba wanda ya damu. Ta dai ƙara ɗankwali na biyu tana naɗawa a wuya. Abin ya yi ta girma a hankali har ya kai lemo. Girman ma bai tsorata ta ba. Wata Lahadi ce ta ja waƙa sama, sai ta ji kamar an sa mata babban yatsa a maƙogwaro an danna. Ta gama waƙar, ba wanda ya lura, amma kashegari ta wanke ƙafa ta nufi asibiti.

Ƙaramin asibiti ne a lokacin, ɗakuna kaɗan da baranda da wata babbar darbejiya a tsakar fili. Likita ɗaya ne, Dakta Abarshi. Tsakani da Allah likita ne, ya ceci rayuka a garin nan, kuma duk wanda ya ce bai iya koyarwa ba ya yi masa ƙarya. A shekarun nan ne aka fara turo masa sababbin likitoci daga birni. Sun gama makaranta, sun iya littafi, amma aka ce sai sun zo karkara sun koyi aikin likitan iyali, wanda zai duba jariri da tsohuwa da mai ciki da wanda maciji ya sara, duka kafin azahar. Wata uku suke yi, farar bas ta zo ta kwashe su, ta kawo waɗansu. Mutanen gari suka sa musu suna likitocin wata uku.

Da farko ba ya barinsu su taɓa kowa. Benci yake ajiye musu a bayansa, su zauna su yi kallo, baki a rufe. Wanda ya shigo bai gaida mara lafiya ba, sai ya sa shi ya fita ya sake shigowa a gaban kowa. Daga baya ya ba su kujerarsa, shi ya koma bencin da jarida a hannu kamar yana karatu, alhali ba kalmar da ke wuce kunnensa. Ba na'urar ɗaukar hoto a asibitin, saboda haka ya koya musu gani da ido da yatsa: su ja fatar ido su ga ko jini ya yi ƙasa, su danna ƙauri su ga ko wurin zai lotsa, su shinshina gyambo kafin su wanke shi. Ranar kasuwa a zuba su a landiroba zuwa ƙauyukan cikin daji, su rataya sikeli a reshen itace suna auna jarirai suna rigakafi, su dawo da ƙura har gira.

Amma abin da ya fi ji da shi shi ne rabon gidaje. Kowane ɗalibi sai a ba shi gida guda a gari, ya riƙa zuwa har ya gama zamansa, ya san rijiyarsu da masansu da abin da ke cikin rumbunsu. Ran Alhamis kuma kowa ya kawo mutum ɗaya daga gidansa, a zaunar da shi a kan kujera ƙarƙashin darbejiya, ya yi bayaninsa da Turanci, sauran su taɓa su gani.

Ranar da Lidiya ta kwance ɗankwalinta a gaban Dakta Abarshi, ya zagaya bayanta ya ɗora yatsunsa a wuyan, ya ce ta haɗiyi miyau. Da ya dawo gabanta ta ga fuskarsa ta washe. Ta ɗauka alama ce abin mai sauƙi ne.

"Uwar Enoch, wannan sai an yi aiki a birni," in ji shi. "Amma ba na gaggawa ba ne."

"Likita, muryata nake ji."

"Muryarki tana nan. Za mu tura ki kafin ya taɓa ta."

Ya ba ta wani magani na ɗigawa a ruwa, sa'an nan ya tambaye ta ko za ta yarda wani ƙaramin likita ya riƙa zuwa gidanta yana duba ta. Lidiya ta koma gida tana gode wa Allah. Mutane na kwana a layi kafin su ga likita, ita ga shi za a kawo mata har ɗaki.

Na farkon sunansa Bature, wani siririn yaro mai tabarau. A kan keke ya zo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce mata Mama. Ta yanka masa kaza, ta kirɓa sakwara. Ya leƙa rijiya, ya leƙa masai, ya tambayi shekarun kowa. Da ya zo kan 'ya'yan da suka rasu, ya ajiye biro ya saurare ta har ta gama, ta yi kukan da ta daɗe ba ta yi ba, don ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ta yadda abin ya faru. Ran Alhamis ya ɗauke ta zuwa ƙarƙashin darbejiya. Aka ba ta kofin ruwa. Kowane ɗalibi ya tsaya a bayanta, ya ɗora yatsu, ya ce, "Kurɓi, Mama. Riƙe. To, haɗiye." Kafin a gama layi cikinta ya cika taf. Dakta Abarshi yana ta bayani yana nuni da bakin biro, su kuma suna gyaɗa kai.

Da lokacin tafiyar Bature ya yi, ya zo sallama, idonsa ya yi ja.

"Mama, maganarki tana wurin babba. Ni ma da na koma zan nemo miki gado."

Ta ɗaure masa doya a bayan keke.

To, a nan ne tarbiyyarta ta cuce ta. A gidan da Lidiya ta tashi, wanda ya ci tuwonka ya kira ka uwa ya zama ɗa, kuma uwa ba ta bin ɗanta tana tuna masa alkawari. Baƙo kuwa ba a roƙonsa komai, don kada ya zama kamar sayar masa da abincin aka yi. Saboda haka ta zauna tana jira. Farar bas ta tafi ta dawo, wani ya zo a kan keken nan dai, ya durƙusa, ya ce mata Mama. Ya fara daga farko: sunanta, shekarunta, yaushe abin ya fito. Ya leƙa rijiya. Ta yanka kaza. Ran Alhamis aka ba ta kofi. Shi ma da zai tafi ya ce maganar tana wurin babba.

Haka aka yi ta yi, rani da damina, shekara ta bi shekara. Ita a zatonta, yawan likitocin da ke taɓa wuyan alama ce an ɗauki ciwonta da muhimmanci. Har ta kai ba a ce mata ta ɗaga haɓa, da kanta take ɗagawa.

Huraira ce ba ta yarda ba.

"Ni fa ban gane ba. Ko ragon layya a kasuwa bai sha laluba kamar wuyan nan naki ba. Rago dai in an gama lalube shi ana sayensa."

"Nazari suke yi, Huraira."

"Nazari. Akurkinki ya san nazari, ko zakara babu. Jiya da asuba zakarana ne ya yi muku cara."

"Baƙi ne."

"Baƙin da suka fi masu gida ƙiba. Ke in ba za ki iya magana ba ki ara mini wuyan na kwana ɗaya, in kai musu shi da bakina a sama."

Lidiya ta yi dariya, dariyar ta ƙare da tari.

Andrawus ya je wurin Dakta Abarshi ba sau ɗaya ba, da hularsa a hannu. In damina ce a ce hanya ta ɓaci, a bari ruwa ya ɗauke. In ruwa ya ɗauke a ce babu gado a birni. Wata rana ma aka ce masa ai ya kamata ya bari a gama girbi, wa zai dafa wa masu aiki in ta tafi? Ya ga maganar da gaskiya, ya yi godiya ya sa hularsa.

Kada a ɗauki alhakin yaran nan, ba mugaye ba ne. Ɗaya daga cikinsu ya warkar wa Andrawus gyambon da ya daɗe a ƙafarsa. Wani ya sa aka gina wa rijiyarsu baki. Wata mai suna Susan, da ta ɗora abin saurare a wuyan Lidiya ta ji numfashi na fita da fito, sai ta tashi ba ta ko taɓa abinci ba, ta tafi wurin babbansu. Ya yaba mata ƙwarai da ta gano wannan, ya ce ta tabbata ta yi bayaninsa ran Alhamis don 'yan'uwanta su ji da kunnensu. Suka ji da kunnensu, ɗaya bayan ɗaya. Watan Susan ya ƙare, bas ta zo. Kowannensu ya tafi da zuciya ɗaya yana cewa na baya zai ƙarasa, na baya kuma ya zo ya fara daga sunanta.

Maƙoƙon ya kai ɗan goran duma. Lidiya ta daina kwanciya a miƙe, sai ta jingina da bango take samun barci. A waƙa ta koyi dabara, tana ɗaukowa daga ƙasa, tana yanke dogon baiti biyu don ta saci numfashi. Ran bikin godiyar kaka na wata shekara, coci ya cika, an tara doya da dammunan dawa a gaban bagade, ta miƙe ta ɗauko waƙar shiga. Layin farko ya fita. A na biyu muryar ta yage kamar tsohon zane, abin da ya biyo baya iska ce kawai. Masu tulu suka ci gaba da kaɗawa suna kallon juna. Wata yarinyar mace mai suna Alice ta karɓi waƙar daga baya, aka amsa mata. Lidiya ta zauna. Da aka tashi mata suka kewaye ta suna cewa ta huta kwana biyu, sanyi ne. Ba wadda ta kalli wuyanta, kuma wannan ya fi mata ciwo.

Bayan 'yan kwanaki sabon ɗalibi ya zo. Mamuda sunansa, Bazazzagi, mai fara'a, irin mutanen da magana ke fita bakinsu kafin su auna ta. Ya jingine keke ya durƙusa.

"Mama, sannu da gida. Ni ne Allah ya ba sa'a."

"Sa'ar me, ɗana?" Muryarta a shaƙe.

"Ai sai da muka yi ƙuri'a a cikin mota kan wanda zai sami gidanki. Kowa ke yake so."

"Kun san ni ne?"

"Wa bai san ki ba? Duk wanda ya dawo daga nan labarin wuyanki yake bayarwa. An ce wanda ya taɓa shi ba ya faɗuwa jarrabawar maƙoƙo. Dakta ma da ya tarbe mu cewa ya yi mu gode wa Allah, irinsa ba kowane asibiti ke da shi ba."

Lidiya tana tsince shinkafa a faifai. Hannunta ya tsaya.

"Asibitin ne ke da shi."

"Na'am?"

"Tun yaushe ake labarina a can?"

"Ai tun muna makaranta muke ji."

"To, duk masu ba da labarin nan, da masu saurare, ba wanda ya ce a kawo matar?"

Mamuda ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalminsa. Ta tashi ta zuba masa abinci, don ko me ya faru ba za a ce baƙo ya shigo gidan Andrawus ya fita da yunwa ba. Ya kasa ci. Ita kuma ta koma bayan ɗaki ta zauna a kan turmi. Ba kajin ta tuna ba. Ta tuna yadda ta ba kowannensu labarin 'ya'yanta biyu, tana kuka sabo kowane wata uku, suna rubutawa.

Ran Alhamis ta yi wanka ta je. Ta zauna a kujerar ƙarƙashin darbejiya, ɗalibai suka yi layi, aka miƙo mata kofi. Ba ta karɓa ba.

"Uwar Enoch, kwance mana ɗankwalin," in ji Dakta Abarshi.

"Ranka ya daɗe, yau ba zan kwance ba."

"Lafiya?"

"Tambaya gare ni. In an cire shi, da me za ka koya wa yaran nan?"

Marasa lafiya da ke baranda suka juyo.

"Haba Uwar Enoch, ba haka ba ne."

"Ban ce haka ne ba, Likita. Tambaya na yi. Ka ce za a tura ni kafin ya taɓa muryata. Ga muryar, kana ji."

"Ki yi haƙuri a wuce Kirsimeti. Da kaina zan yi maganar."

"Na ji."

Ta miƙe. Kafin ta kai ƙofa ta ji ya juya ga yaransa ya kama dogon Turanci, suna rubutawa da sauri. Daga baya ta matsa wa Mamuda ya gaya mata abin da aka ce. Da ƙyar ya faɗa. Wai darasi aka yi musu a kan yadda ake lallashin mara lafiya mai taurin kai. Ko ƙin da ta yi bai tafi a banza ba, shi ma sai da aka koyar da shi.

Kirsimeti ya zo ya wuce, ba aike. Mamuda bai daina zuwa ba, amma ya daina zuwa da biro. Yakan zauna a kan kututture kusa da Andrawus yana taya shi gyaran irin doya. Ya ce ya yi magana sau da yawa, amma shi ba shi da ikon tura kowa, sai babba ya sa hannu. Lidiya ba ta roƙe shi komai ba. Abu ɗaya ta tambaye shi, wace rana motarsu za ta tashi. Ya dube ta, ya gaya mata.

Ran nan da hantsi farar bas na tsaye a filin asibiti, ɗalibai na loda akwatuna. Sai ga Lidiya da ƙunshin kaya a kafaɗa, Andrawus na biye da ita da tabarma, Huraira na gefe. Bayansu matan zumunta ne, kowace da ƙwaryar gyaɗa. Ba su yi waƙa ba. Suka shimfiɗa zannuwa a bakin ƙofar da mota za ta fita, suka zauna suka kama ɓarar gyaɗa. Lidiya ta taka ta shiga bas, ta zauna a kujerar bayan direba, ta ɗora ƙunshinta a cinya.

Direban, wani dattijo da ake kira Hammadu, ya leƙo.

"Iya, wannan ba motar haya ba ce. Ta makaranta ce."

Huraira ce ta amsa daga ƙasa. "Ai ita ma ta makarantar ce, Malam. Tambayi yaran nan, ta riga su shiga."

"Ni dai ba a ba ni sunanta ba."

"Sunanta kuwa an rubuta shi ya fi naka. Kai dai ka duba mai."

Aka kira Dakta Abarshi. Ya zo ya tsaya a bakin taga.

"Uwar Enoch, mene ne haka? Sauko mu yi magana a ofis."

Lidiya ta buɗe baki, abin da ya fito bai kai kunnensa ba. Sai ta kwance ɗankwalin da kanta, ta ninke shi, ta ajiye a kan ƙunshin, ta zauna da wuyan a buɗe tana kallon gaba. Numfashinta na fito, ana ji har daga waje. Ya waiwaya ya ga baranda ta cika da idanu, ya ga mata a ƙofa suna ɓarar gyaɗa kamar a tsakar gidansu, ya ga ɗalibansa sun tsaya da akwatuna a hannu ba wanda ya kalle shi. Ya juya ya shiga ofis. Bai daɗe yadda za a dafa ƙwai ba ya fito da takarda ya miƙa wa Mamuda. Abin da aka yi shekaru ana cewa sai hanya ta gyaru, sai an sami gado, sai an gama girbi, ashe iyakar aikinsa ke nan.

Matan suka tattara ɓawon gyaɗarsu suka ba mota hanya. Kujeru ba su isa ba, Mamuda ya ba Andrawus tasa, shi ya zauna a kan akwati har birni.

Gadon ma da aka yi ta cewa babu, Mamuda ya yi 'yan kwanaki yana zirga-zirga ya samo shi. Aka yi mata aiki. An daɗe a ciki, don abin ya gangara har bayan ƙashin ƙirji, ya daɗe yana danne jijiyar murya. Allah ya sa ta tashi. Ta kwanta a miƙe, ta ja numfashi har ƙasan ciki, abin da ta manta daɗinsa. Amma da aka cire bandeji aka ce ta yi magana, sai raɗa, kamar ana jan busasshen ganye a ƙasa.

Babban likitan da ya yi aikin ya zo zagaye da ayarin ɗalibansa a baya. Ya duba ɗinkin ya ce ya yi kyau. Andrawus ya cire hula ya tambaye shi yaushe muryar za ta dawo.

"Ba za ta dawo ba, Baba. Da kun kawo ta shekara biyu da suka wuce, da wata magana ce." Ya girgiza kai ya dubi Lidiya. "Ku mutanen ƙauye, me ya sa kuke zama a gida sai abu ya lalace? Ba asibiti a garinku?"

Lidiya ta dube shi. Ko da tana da amsa, ba ta da abin da za ta faɗe ta da shi. Mamuda yana tsaye a ƙarshen gadon, ya sunkuyar da kai. Ayarin ya wuce gado na gaba.

Da suka dawo Birnin Gwari, Huraira ta ji abin da likitan ya faɗa, ta ɗaura gyale za ta tafi asibiti ta zazzage musu. Lidiya ta riƙe mata hannu ta girgiza kai. Ranar Lahadi ta je coci. Alice ta ba da waƙa, kuma ta ba da ita da kyau. Lidiya ta zauna cikin masu amsawa, leɓɓanta na motsi. Da mai kaɗa tulu ta gaji, ta miƙa hannu ta karɓa, daga ranar tulun ya zama nata.

Ba a yi wata biyu ba sai ga masinjan asibiti a kan keke. Ya yi sallama ya ce Dakta yana gaisuwa, yana murna da jin an yi aiki lafiya, kuma yana roƙon Uwar Enoch ta zo ran Alhamis, sababbin likitoci su ga yadda tabon aikin maƙoƙo yake in ya warke. Lidiya na zaune a tsakar gida a gabansa tana fere doya. Andrawus, wanda duk zamansa a garin nan ba a taɓa jin ya mayar wa ma'aikacin gwamnati magana ba, ya ce, "Ka gaya wa Likita ba ta nan. Ta tafi gona." Masinjan ya dubi Lidiya, ta dube shi, ta ci gaba da ferewa. Ya juya kekensa.

Ta yi shekaru masu yawa bayan wannan. Ba ta taɓa zagin Dakta Abarshi ba, in sun haɗu a hanya takan rusuna ta gaishe shi da hannu, har aka ƙara masa girma ya bar garin. Yaran da suka koya a wuyanta sun zama manyan likitoci, Allah ya sa sun amfani mutane da abin da suka koya, shi ne kuma masanin wanda zai tambaya ranar tambaya. Ita dai ta ci gaba da nomanta da tulunta, ta riga Andrawus tafiya da damina ɗaya, Allah ya ba ta hutawa. Jikokinta sun tashi sun san ta da raɗa. In sun yi ɓarna a nesa sai dai ta buga murfin tukunya ta kira su. Da Huraira ta tsufa, takan tara su ta gaya musu kakarsu ce mai waƙar da ake sakin guga a rijiya don a saurare ta, su kuwa su yi ta dariya, suna zaton irin barkwancinta ne.